Bakandamiyar Shata Ba Guda Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sauraron tsofaffin waƙoƙi a yankinmu, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, kuma ya kamata a samu wanda zai taka mata burki. Wai kowace waƙar Shata tana da asali guda ɗaya, kuma wai asalin nan shi ne ɗaukar da sautinta ya fi fita tas, babu shuuu, babu ƙarar iska, babu hayaniyar jama'a. Sauran da ke yawo a wayoyi da tsofaffin kasa-kasai kuwa an yanke musu hukunci: gurɓatattu ne, a goge su a samu fili a memori. Samari sun yarda da haka, abin da bai ba ni mamaki ba. Abin da ya dame ni shi ne dattawan da suka ga Shata da idonsu, suka yi masa liƙi da hannunsu, su ma yanzu sun bi sahu.

Wannan ra'ayi kuskure ne tun daga tushe, domin ya jahilci yadda Shata yake waƙa.

Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999, ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa ba tare da ya riƙe takarda ba. Gindin waƙa ne kawai tsayayye a wurinsa, shi 'yan amshi ke maimaitawa. Ɗiyan waƙa kuwa a nan take yake ƙera su, gwargwadon wanda ke zaune a gabansa, da abin da aka ba shi, da wanda ya ɓata masa rai a makon. Saboda haka Bakandamiyar da ya rera a gidan rediyo a Kaduna daban take da wadda ya rera a dandali a Funtuwa, ita kuma daban take da wadda ya yi bayan shekara goma, sa'ad da muryarsa ta ƙara kauri, abokan hamayyarsa suka sauya. Shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Manazarta sun daɗe a kansa, tun daga digirin Dandatti Abdulƙadir a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 har zuwa littafin Shata Ikon Allah na su Ibrahim Sheme a 2006, kuma duk wanda ya zauna ya jera ɗauka biyu ta waƙa ɗaya, ya saurara da kunnen basira, zai ga ba tagwaye ba ne. To, wacce ce asalin? Ta ranar da aka fara rera ta, wadda wataƙila babu rikoda ko ɗaya a wurin?

Mu duba ma ina masu tsabtar sautin suka fito. Yawancinsu ɗaukar situdiyo ce, ta kamfanonin faifai irin su EMI ko ta gidajen rediyo. A nan akwai agogo. Faifan garmaho na da can yawanci bai wuce minti uku da 'yan kai a kowane gefe ba, babban faifan da ya zo bayansa yana ɗaukar kamar minti ashirin da wani abu. Dole mawaƙi ya taƙaita, ya sauka inda injiniya ya ɗaga masa hannu. Babu mai liƙi, babu sanƙira mai shelar kyauta, babu wani attajiri da ya shigo a makare da za a karkata waƙar zuwa kansa. Ban ce waɗannan ɗauke-ɗauken ba su da daraja ba, a cikinsu ake jin kowace kalma sarai, kuma ɗalibi mai rubuta matanin waƙa yana bukatarsu. Amma Shata ne a ɗaure. Wanda ya ce nan ce ƙarshen fasaharsa bai san shi ba.

Ina da wani tsohon kaset, irin mai minti casa'in, wanda wani direba ya ɗauka da rikodarsa a wurin biki, ya bar wa ƙaninsa, ya zo hannuna. Sautinsa ba abin nuna wa baƙo ba ne. Akwai inda babur ya wuce, akwai inda mai rikodar ya yi tari a bakin makirufo. Amma a tsakiyar waƙa sai ka ji taron ya motsa, alamar wani babba ya iso. Kafin Shata ya buɗe baki, mai kalangu ya riga ya matse tsarkiya, ya ɗaga sauti, ya faɗi kirarin mutumin da ganga. Shata ya yi shiru na ɗan numfashi, ya bar amshi ya zagayo sau biyu babu jagora, sannan ya faɗo a kan gaɓar da ba ka zata ba. Guɗa ta tashi. 'Yan amshin, da ka ji sun fara gajiya, suka farfaɗo. Wannan shirun da wannan faɗowar ba za ka same su a faifan kamfani ba, domin a can babu wanda ya iso.

A nan ne nake ganin masu neman tsabta suka fi yin nisa da gaskiya. Sun ɗauka waƙar Shata murya ce kawai, sauran kuma rakiya. Alhali kiɗan kamar murhu yake, duwatsu uku ne: muryar jagora, da kalangu, da amshi. Janye ɗaya tukunya ta kife. In za ka auna ɗauka biyu, abin tambaya shi ne yaya ukun nan suka yi zance da juna a ranar. Kalangun yana bin Shata a baya ne, ko yana tsokanarsa? 'Yan amshi suna shigowa da rai, ko suna jiran a tashi? Shi kansa yana cikin nishaɗi, ko aikin kuɗi kawai ya zo yi? Domin, a faɗi gaskiya, akwai ranakun da ya yi waƙar sauke nauyi, kuma wasu daga cikinsu suna cikin masu sauti garau ɗin nan da ake yabo.

Na taɓa tsayawa a rumfar wani mai tura waƙa a waya a Kwanar Ɗangora, inda motocin Zariya da na Tudun Wada ke rabuwa. Wani dattijo ya miƙa ƙaramar wayarsa ya ce a sa masa Shata. Yaron ya buɗe kwamfuta, ya nuna masa jeri.

"Baba, ga Bakandamiya nan, mai kyan ce. Da guda huɗu ne, na goge ukun, duk ƙara ce a ciki."

"Madalla, ɗana, ai gara mai fita."

Yaron ba mugu ba ne, abin da kasuwa ke so yake sayarwa. Amma ka lura da abin da ya faru: waƙoƙi huɗu ne masu suna ɗaya, ya ɗauka abu ɗaya ne sau huɗu. Kuma daga kwamfutarsa ake ɗura wa masunta na Tiga, da masu sayar da shinkafa na Tudun Wada, da makiyayan da ke dajin Ɗansoshiya, da direbobin da ke ratsa Falgore zuwa Jos. Abin da ya bari shi ne Shatan da yankin nan zai sani nan gaba. Gara da danshin damina suna cin kaset a hankali, shi kuwa da danna maɓalli ɗaya ya gama.

Yanzu ma abin ya ƙara gaba. An samu manhajojin tace sauti da ke zare muryar mutum daga cikin hayaniya. Na'ura ba ta san guɗa ba, ba ta san sanƙira ba, sau da yawa ma kukan kalangu a wurinta ƙara ce. Sai ta ba ka Shata tsirara, da wata murya mai amon gwangwani. Wasu kuma su ɗauki wannan muryar su ɗora ta a kan kiɗan fiyano. Ba ni da rigima da fiyano, tana da mawaƙanta, kuma sun iya abinsu. Sai dai bugun na'ura ba ya sauri, ba ya jinkiri, ba ya jira. Kalangun Shata kuwa dukan aikinsa jira ne da kora. In ka tilasta muryar ta bi bugun da ba ya lanƙwasa, ka kashe abin da ya sa ake sauraronta.

Masu ganin tsabtar sauti ita ce wayewa, su leƙa Turai su gani. Can suna da wani nau'in kiɗa na mutum uku, mai fiyano da mai ƙaramin goge da mai babban goge. Schubert, mutumin Ostiriya da ya rasu a 1828, ya bar irin wannan kiɗa a rubuce, kowane sauti da alamarsa a takarda. Duk da haka masoyansa ba su taɓa yarda cewa ɗauka guda ce asali ba. Har gobe suna jayayya tsakanin wadda makaɗa uku, Cortot da Thibaud da Casals, suka yi a 1926, mai shuuu irin na garmaho, da ta ƙungiyar Beaux Arts da aka kafa a 1955, da ɗimbin na bayansu. Da yawa sun fi son tsohuwar, saboda yadda mutum ukun ke sauraron juna. Brahms na Jamus ma ya rubuta nasa a 1854, ya dawo ya sake masa fasali a 1889, kuma ba a ƙona na farkon ba, ana kaɗa duka biyun. Waɗannan fa suna da takarda da za su koma mata in faifai ya ɓata. Mu ba mu da ita. Ɗaukar da aka goge ta Shata, ɗiyan waƙar da ke cikinta sun tafi ke nan.

Kada kuma a ce na koma ɗaya ɓangaren, na masu ganin duk kaset mai ƙara shi ne na gaske. Wannan ma shirme ne. Akwai wanda aka ɗauka batir ya yi sanyi, murya ta sauya ta zama ba tasa ba. Akwai kwafen kwafe har hawa biyar, wanda ba abin da ya rage sai dusa. Irin waɗannan in an sami mafi kyau daga wannan ranar, a ɗauka. Gyaran gudun zare da rage ƙara kaɗan aiki ne mai kyau in wanda ya san kiɗan ne ya yi shi. Abin da nake ƙi shi ne a jera rana biyu daban a ce ɗaya kwafen ɗaya ce. Kowa yana da 'yancin ya ce ga wadda ya fi so, ni ma ina da tawa, kuma zan yi musu a kanta har a kira magariba. Amma zaɓi ba ya yiwuwa sai abin zaɓa yana nan.

In da za a bi ma'aunin masu tsabta a kan sauran makaɗa, da Ibrahim Narambaɗa ba shi da waƙa ko ɗaya. Ya rasu tun farkon shekarun 1960, kuma abin da ya rage nasa tsohuwar ɗauka ce, da ƙararta. Shi ma yana da tasa Bakandamiyar. A kiɗan fada irin nasa da na Musa Ɗanƙwairo, 'yan amshi ba gindi kawai suke maimaitawa ba, karɓe layi suke yi daga bakin jagora su ƙarasa, su yi ƙari. Ka sa manhaja ta zare murya ɗaya a nan, rabin jimla za ta ba ka.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Masu tura waƙa su daina goge waƙa don ta yi suna ɗaya da wata, su sa musu lamba, in an san gari ko shekara a rubuta a jikin fayil. Wanda ke da akwatin kasa-kasan mahaifinsa a Kiru ko Riruwai, kada ya bari a zaɓar masa masu kyan sauti a zubar da sauran, a juye su duka, har da rubutun biro da ke bayan kwalin, domin sau da yawa a nan ne kaɗai aka rubuta bikin wa aka yi. Akwai inda za a kai su ajiya: Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsuna da al'adu, Hukumar Tarihi da Al'adu tana Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga Arewa House a Kaduna. Daga Kwanar Ɗangora zuwa kowanne cikinsu tafiyar yini ɗaya ce, har mutum ya dawo gida.