Tsofaffinmu masu hawan jini: me ya sa suke yawan faɗuwa?

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi yi wa illa. Mu a nan, in tsoho ya faɗi a tsakar gida, sai mu ce tsufa ne.

Amma wani lokaci maganin tansiyon ne. Wasu ƙwayoyin kan sa jini ya sauka da zarar mutum ya miƙe, jiri ya kwashe shi. Wasu kan yawaita fitsari, tsoho ya tashi cikin duhu ya yi tuntuɓe. In zafin Afrilu ya busar da jiki, abin ya ƙaru.

Kada mu ce ya bar shan magani, shanyewar ɓarin jiki na jira. Mu kai shi CSI a auna shi a kwance da a tsaye. Ya ɗan zauna bakin gado kafin ya miƙe, tocila da sanda na kusa.

Ƴan'uwanmu na Abijan da Faransa, ƙwayoyi ba takardar lokotoro ba taimako ba ne. Gara ku turo na'urar awon jini.