Ra'ayinmu: Biyan Kuɗi Da Kirifto, A Auna Kafin A Tsunduma

Babu shakka tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023, harkar kuɗi ta sauya kama a ƙasar nan. Dalar Amurka da ake saya wajen fam 600 kafin yaƙin, ta haura fam 2,000 kafin ƙarshen shekarar 2024. Canjin takardun fam 500 da 1,000 da aka soma a watan Disambar wannan shekara, wanda ya haɗa da Jihar Gadarif, ya tilasta wa kowa buɗe asusu, har ta kai mai sayar da albasa ma da Bankak yake karɓar kuɗinsa. Amma Bankak ba ya biyan kamfanin da ke Amurka ko Turai, katin banki mai aiki a waje kuma ba kowa ne ke samu ba. Wannan ya sa 'yan kasuwarmu na Gadarif da Gallabat da dama suka koma ga kuɗin kirifto, musamman wanda ake kira USDT, domin biyan kuɗin tallar Facebook, da kuɗin wata na intanet, da tikitin jirgi.

Jaridar nan ba ta ga laifin wanda ya nemi mafita ba, domin dole ita ce uwar na ƙi. Amma wajibinmu ne mu faɗa wa jama'a abin da dillalai ba sa faɗa.

Abu na farko shi ne matsayin doka. A watan Maris na 2022 Babban Bankin Sudan ya gargaɗi jama'a a kan mu'amala da kirifto, inda ya bayyana cewa dokokin ƙasa ba su ɗauke shi a matsayin kuɗi ba, kuma babu wata hukuma da ta tsaya masa. Haka nan a tsallaken iyaka, Babban Bankin Habasha ya sanar a watan Yunin 2022 cewa biyan kuɗi da kirifto ya saɓa wa doka. Ke nan ɗan kasuwar da ke kai-kawo tsakanin Gallabat da Matamma yana tsakanin hukumomi biyu ne da babu wadda ta yi masa alƙawarin kariya. Masu 'yan uwa a Kano su lura cewa lamarin Nijeriya daban yake: a can an hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, aka janye hanin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya shi ƙarƙashin kulawar hukuma. Dokar Abuja ba ta aiki a Gadarif.

Abu na biyu, manyan kamfanoni irin su Facebook ba sa karɓar kirifto kai tsaye. Abin da ke faruwa shi ne ka tura wa dillali fam ko USDT, shi kuma ya biya kamfanin da katinsa. Wato cinikinka da dillali ka yi, kamfanin bai san da zamanka ba. Idan aka rufe katin, ko aka toshe shafin tallar, wanda sunansa ke kan asusun shi kaɗai ne zai iya kai kuka. Ko da an biya daidai ma, biyan ba ya tabbatar da samun aikin. A watan Afrilun 2024 kamfanin Starlink ya gargaɗi masu amfani da na'urarsa a ƙasashen da ba shi da lasisi, ciki har da Sudan, cewa zai iya yanke su, alhali mutane sun zuba kuɗi masu yawa a kai bayan ɗaukewar layukan waya a watan Fabrairun shekarar.

Abu na uku, kuɗin kirifto in ya tafi ya tafi ke nan. Mai katin banki yana iya neman bankinsa ya dawo masa da kuɗi idan an cuce shi. A kirifto babu wannan ƙofa. Kuskuren adireshi, ko tura USDT ta wata hanya alhali mai karɓa wata yake amfani da ita, na iya cinye ribar riɗin kaka guda. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2018 ta ba da damar kai ƙarar ɗan damfara, amma kama wanda ba a san sunansa ko ƙasarsa ba, sai dai addu'a.

Akwai kuma masu cewa USDT daidai yake da dala, ba ya faɗuwa. Gaskiya ne an tsara shi ya riƙa bin dala, amma alƙawarin kamfani ne mai zaman kansa, kuma kamfanin Tether da ke fitar da shi yana da ikon daskarar da asusu, ya kuma sha yin hakan. Wani makamancinsa mai suna TerraUSD ya rushe a watan Mayun 2022, kasuwar FTX ta bi baya a Nuwamban shekarar, sannan a Afrilun 2025 CBEX ta kwashe dukiyar ɗimbin 'yan Nijeriya da alƙawarin ninka riba. Har ila yau, wanda ya sayar da kirifto ga baƙo, aka turo masa fam a asusunsa, bai san asalin kuɗin ba. A lokacin da aka canza takardun kuɗi saboda wawashe bankuna da jabun kuɗi, asusun da kuɗin sata ya shiga shi za a fara tuhuma.

Saboda haka muna ba 'yan uwa shawara: wanda zai iya biya ta banki ya bi banki. Wanda ba shi da makawa, ya buɗe asusun aikin da sunansa da lambarsa, ya biya wata-wata maimakon shekara guda, ya fara gwadawa da kuɗi kaɗan, ya kuma yi hulɗa da dillalin da aka san rumfarsa da mai tsaya masa. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu kamar yadda addini ya koyar game da bashi, a ajiye hoton kowace shaidar biya. Kalmomin sirri na asusu kuwa, ko ɗan da ka haifa kada ka tura masa ta waya.

Daga ƙarshe muna kira ga Babban Bankin Sudan da ya wuce matakin gargaɗi ya fitar da ƙa'ida bayyananniya, ya kuma sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa samun katin biyan kuɗi a waje, domin rashinsa ne ke tura su hannun dillalai. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Gadarif da Gallabat su ma su tantance masu wannan dillanci kamar yadda ake tantance dillalan hatsi, malamanmu kuma su yi wa jama'a bayanin hukuncinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya kawo mana zaman lafiya, amin.