Makarantar Gari Ko Ta Ƙauye: Ina Malamin Yake?



Duk lokacin da yara za su shiga babbar sakandare, tambaya ɗaya ce a bakin iyaye daga Dandume har Kafur: a kai yaro babbar makarantar gwamnati ta cikin Funtuwa ko Malumfashi, ko a bar shi a ta jeka-ka-dawo da ke kusa da gida?

Ta cikin gari tana da suna, tana da ɗakin gwaje-gwaje, tana da malamai. Amma na taɓa tsayawa a bakin tagar wani aji, na ga yara huɗu sun matsu a benci ɗaya, wasu a ƙasa sun ɗora littafi a kan gwiwa. Malam yana iya ƙoƙarinsa, muryarsa ba ta kai layin baya. Yaushe zai duba littafin kowa? Ta ƙauye kuwa akwai sarari, shugaban makaranta ya san uban kowane yaro, idan yaro ya yi fashi kafin azahar labari ya isa gida. Abin da babu shi ne malami.

Malami, jama'a, malami. Za ka tarar da makaranta guda babu mai koyar da lissafi sai ɗan bautar ƙasa, shi ma shekara ɗaya zai yi ya tafi. Kuma ana turo malaman. Ana turo su, sai masu uwa a gindin murhu su bi ta bayan fage a mayar da su cikin gari kafin zango ya ƙare. Wannan ce cutar. Masu hanya sun kwashe malamai sun tara a gari, iyaye suka bi malamai da 'ya'yansu, ajin gari ya cika ya batse, na ƙauye ya zauna babu mai riƙe alli. Alhali takardar WAEC da NECO ɗaya ce: tambayar da za a yi wa yaron Legas ita za a yi wa yaron ƙauyen Danja.

Ga kuma kuɗin hanya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, manomin da ke biya wa ɗansa babur zuwa gari safe da rana, masarar rumbunsa yake ci tun kafin bazara. Wanda ya kasa sai ya ajiye yaro wurin ɗan'uwa a gari, babu mai tambayarsa ina ya yini. A ce makarantar kwana? Tun daren Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, uwa da yawa ba ta iya barci idan ɗanta ya kwana a waje, kuma ban ga laifinta ba.

Ni dai ina tare da makarantar kusa da gida, muddin akwai malami. Don Allah hukumomi, wanda aka tura ƙauye a ba shi wurin kwana da ɗan alawus, kuma a daina karɓar roƙon masu hanya a kansa.

Ku kuma iyaye, kafin ku yanke shawara ku taka zuwa makarantar da ƙafarku. Ku tambayi wa ke koyar da lissafi da Turanci, ranaku nawa yake zuwa a mako, sannan ku karɓi littafin wani ɗalibi ku ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi.